Shirun Wayar Majo

Matamaye, Jumma'a, farkon Afirilu

Zuwa ga Yayana Yunus,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna na gaishe ka, ta ce in gaya maka ƙafarta da sauƙi, amma ni dai na ga har yanzu sai ta dafa bango take tashi. Mansur ɗanka ya yi ƙiba, ya kuma koyi cewa a'a, ba ya faɗin komai sai ita. Gambo direba ya ce motar abincinku za ta tashi jibi, shi ya sa na zauna rubutu. Wai a wannan zamani mutum na rubuta wa ɗan'uwansa takarda kamar lokacin kakanni, saboda ya tafi haƙar rijiya can bayan Dirku inda rezo, wato layin waya, ba ya zuwa!

Matarka Najaha ta koma ƙauyensu wurin mahaifiyarta, tunda watanta ya kusa. Hakan ya yi mini daɗi, don kullum in na je aiki gidan likitan ƙauyen ina leƙa ta. Ƙafafunta sun ɗan kumbura. Hajiya Jannatu ungozoma ta ce tunda matarka ta yi zubar jini a haihuwar Mansur, ba za ta yarda ta haihu a ɗaki ba, gabanta za ta haihu, kuma allurar tsayar da jini na nan cikin firigo tana jiranta. Ba zan ɓoye maka ba Yaya, duk lokacin da na tuna waccan haihuwa sai gabana ya faɗi. Amma in na buɗe firigon na ga kwalaben a jere da sanyinsu, sai hankalina ya kwanta.

To yanzu ga babban labari, ka gyara zama. Ka tuna na'urar da ka haɗa wa firigon namu bara, wadda ke auna sanyi, in ya ragu ta aika wa Majo Ibrahim, shugaban gidan likitanmu, saƙo a waya, shi kuma ya sa maigadi ya tada gurup, injin ba da wuta? Hajiya Jannatu ta daɗe tana mita, wai ita ce kusa da firigo amma sai Majo ne ke jin labarinsa. Sai na buɗe jerin umarnin nan da kake kira sikirif, na bi yadda ka koya mini, na rubuta ɗan ƙaramin aiki nawa na kaina a cikinsa. Aikinsa shi ne ya fito da gargaɗi a kan allo da manyan baƙaƙe, da Hausa. Na raɗa masa suna aika, tunda saƙo yake kaiwa. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na naɗe ma'aunin, nan take allo ya ce FIRIGO YA YI ZAFI. Hajiya ta yi guɗa kamar an kawo amarya.

Abin mamaki kuma, tun daga ranar kamar firigon ya ji kunya. Da can ka san wasu ranaku da asuba wayar Majo kan tashe shi. Yanzu ya ce ya manta rabon da ta yi ƙara, yana barcinsa har kiran salla. Shi dai yana ganin wanke fano, faifan wutar rana, da aka yi ne ya farfaɗo da batiri. Ni kuwa na ce albarkar hannun ƙanwar injiniya ce. In ka dawo ka zo mini da dabinon Bilma, shi ne ladan ɗaliba.

Ƙanwarka,
Fadila

*

Sansani, Laraba

Fadila,

Yanzun nan na karanta takardarki, Gambo bai ko kashe mota ba, ayari ba ya jira. Ki goge abin da kika ƙara cikin sikirif ranar da wannan ta same ki. Kada ki sake taɓa shi. Shirun wayar Majo ba abin murna ba ne. Bayani na tafe a motar da ke biye.

Yunus

*

Matamaye, Asabar, ƙarshen Afirilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni zan yi gaisuwa, ko da ba a yi mini ba. Muna lafiya. Inna lafiya, Mansur lafiya, matarka ma da ba ka tambaya ba tana lafiya.

Gambo ya miƙo mini guntun takardar buhun siminti, na zaci ƙunshin dabino ne ya yage. Na karanta a tsaye a tasha, na sake karantawa a gida, sai da na yi hawaye. Inna ta ce me Yayanki ya ce, na ce yana gaishe ki, don ba zan iya gaya mata ɗanta ya rubuto daga uwa duniya bai ambaci sunanta ba.

Wato abin da ya dame ka shi ne na taɓa kayanka. Tun muna yara haka kake, ko rediyonka mutum ya matsa kusa da ita sai ka ce ya ɓata tasha. Kai ne fa ka zaunar da ni ka ce mace ma na iya wannan aiki, ka ce kada in ji tsoron na'ura. Ashe iyakar abin da kake so in iya shi ne goge mata ƙura. Ban goge komai ba, kuma ba zan goge ba sai ka ba ni dalili. Na ma sake gwadawa shekaranjiya da tsumman ɗumi, allo ya yi gargaɗi, ƙasansa kuma aka rubuta an aika, kamar yadda aka saba. To me kuma ake nema? Majo ya tafi taro Damagaram, in ka dawo sai ka gaya masa da bakinka dalilin da ya sa barcinsa ke ba ka haushi.

Zafin bana ba a magana. Da rana ko ƙadangare ba ya fita, dare kuma mutane na kwana waje suna fifita. Aiki ya yi yawa a gidan likita. Makon jiya aka kawo wata mata daga wajen Dawce a amalanke, ta haifi namiji, sai jini ya ɓalle. Hajiya ta yi mata allura, shiru, ta ƙara ta biyu, ta yi ta murza mata mara, da kyar abin ya tsaya. Matar ta tashi, alhamdu lillahi. Hajiya ta ce ta shekara da shekaru tana wannan aiki, ba ta saba ganin allurar nan ta yi nawa haka ba, amma jinin wasu taurin kai gare shi. Ni na riƙe fitila, kuma duk tsawon lokacin fuskar Najaha nake gani a kan gadon. Ban gaya mata ba.

Cikinta ya sauka. Tana cewa in gaishe ka, na ce mata to.

Fadila

*

Sansani, Larabar nan ta farkon Afirilu, da yamma

Zuwa ga ƙanwata Fadila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kyau, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Ki shafa mini kan Mansur. Ɗazu da rana na ba Gambo wata guntuwar takarda, na san halinki, na san kina can kin kumbura baki. Ki yi haƙuri. Ana sauke buhuna ina karanta wasiƙarki, da na zo wurin barcin Majo sai na yagi takardar buhun siminti. Abin da hannuna ya iya rubutawa ke nan kafin ayari ya tashi. Wannan zan ba motar gazuwal, mai kawo mana man inji, ban san yaushe za ta iso ki ba.

Ki karanta a hankali. Aikin da kika rubuta ba shi da laifi, da ina nan da na yi miki tafi. Matsalar sunan ce. Abin da ke tura saƙo zuwa wayar Majo ba cikin sikirif yake zaune ba. Wani shiri ne dabam da na ajiye a wani wuri cikin na'urar, shi ke magana da layin waya, kuma sunansa aika. In sanyi ya ragu, sikirif kan kira aika, shi kuma ya amsa daga waje. To ɗabi'ar sikirif ita ce, in zai kira suna, cikin gida yake fara dubawa. Kamar ki tsaya tsakar gida ki ƙwala kiran Ibrahim kina nufin na maƙwabta, alhali akwai Ibrahim a ɗaki. Na ɗakin ne zai amsa, na maƙwabta ko labari ba zai ji ba. Tun ranar da kika sa naki aika a ciki, shi ke amsa kowane kira. Yana rubutu a allo, sikirif ya ce an aika, don shi iyakar saninsa ya kira an amsa. Babu saƙon da ya fita daga ɗakin nan.

Yanzu ki yi tunanin asuba. Batiran nan sun tsufa, wanke fano ba ya mayar da tsoho yaro. Can wajen ƙarshen dare suke mutuwa, firigo ya tsaya. Da, wayar Majo kan yi ƙara a tada gurup. Yanzu allo ne ke gargaɗi a ɗakin da ke kulle, ba mai gani. Rana na fitowa fano ya kama, firigo ya tashi, kafin ku iso ya yi sanyi, gargaɗin ya goge kansa. Ki taɓa kwalba ki ji ta da sanyi, alhali ta sha zafi ta huce, yau da gobe, cikin wannan bazara. Allurar tsayar da jini ba ta son haka. Ba ta sauya launi, ba ta wari, ƙarfinta ne kawai ke raguwa, kuma ba a ganewa sai ranar da aka neme ta.

Ga abin da za ki yi. Ba sai kin goge naki ba, na faɗi haka ne don shi ya fi sauri. Ki shiga cikin aikin naki, bayan layin da ke rubutu a allo, ki ƙara layi ɗaya da zai kira na wajen da cikakken adireshinsa, wato /opt/firigo/aika, ki miƙa masa saƙon. In aka ba da adireshi, sikirif ba ya duba cikin gida, kai tsaye yake zuwa. Kada ki rubuta aika kawai a wurin, in kin yi haka kansa zai yi ta kira ba iyaka har na'urar ta sandare. Sannan ki gwada, amma wannan karon da wayar Majo a tafin hannunki. Kada ki yarda da allo, ki yarda da kunnenki.

Kafin ma ki taɓa na'ura, ki je wurin Majo da Hajiya ki karanta musu wannan. Su suka san magani, ni ban sani ba, amma ina roƙonsu kada su dogara da kwalaben nan a kan kowace mace.

Fadila, tsoro nake ji. Ranar haihuwar Mansur ina tsaye a baranda aka wuce da kwano ta gabana, na ga abin da ke ciki, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Wayar tauraron ɗan'adam ɗaya ce a sansanin nan, patoron, maigidan aikinmu, ya tafi da ita Agadas. Na hau tudun yashin da ake cewa wani lokaci ana kama rezo, na ɗaga waya sama kamar mahaukaci har hannuna ya gaji, ko sanda ɗaya ban gani ba. Abu ne na layi ɗaya, na san shi kamar yunwar cikina, ga ni nan zaune ba yadda zan yi. Abincin rana na nan gabana ban taɓa ba.

Ki rubuto da duk motar da kika samu, ko ta gishiri ce.

Yayanki,
Yunus

*

Tashar Matamaye, Litinin, cikin Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yafe rubutun, a kan gwiwa nake yi, motar gazuwal ɗin za ta juya yau. Inna da Mansur lafiya. In wasiƙata ta fushi ta riga wannan isowa, ka sa ta a wuta.

Takardarka ta daɗe a hanya, motar ta lalace a Tanut. Ranar Alhamis ta same ni. Ban gama karantawa ba na hau kabu-kabu, ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Na tarar da Majo ya dawo, na karɓi wayarsa ban yi masa bayani ba, na naɗe ma'aunin da tsumman ɗumi. Allo ya yi gargaɗi, ya ce an aika. Muka tsaya mu uku muna kallon wayar. Yaya, ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Majo ya ce, "Wataƙila rezo ne." Hajiya ta zauna a kan benci ta ce, "Matar Dawce."

Na ƙara layin yadda ka ce. Sau biyu ina kuskuren adireshin. Da na sake gwadawa wayar ta yi ƙara a hannuna har na kusa yar da ita.

Washegari da asuba ta sake yin ƙara, wannan karon ba gwaji ba. Majo bai aiki maigadi ba, da kansa ya je. Ya tarar da firigo a mace, ƙanƙarar ciki ta narke ruwa na ɗiga ƙasa. Ya ce da ya sa hannu ciki kamar ya sa a randar da ta wuni a rana. Ya kwashe kwalaben duka ya ware su gefe, ya kira manya a gari. Sun ce za a aiko da sababbi cikin akwatin sanyi, amma ba su sa rana ba. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Fadila, Allah ya sa mun gane da wuri," ya juya ya fita.

Yanzu ga inda muke. Hajiya ta ce ba za ta karɓi haihuwar Najaha hannu rabbana ba, a kawo ta babban gidan likita na nan Matamaye ta zauna kusa tun kafin naƙuda. Surukarka ta ƙi. Ta ce 'yarta gida ta zo haihuwa, ba a kwasar mai ciki a kai ta gari kamar buhun gero, mutane za su ce an yi mata mugun fata. Na durƙusa gabanta na gaya mata komai, har da cewa ni na jawo. Ta dube ni ta ce, "Ke yarinya, me ya haɗa talabijin ɗinku da cikin 'yata?" Ban san yadda zan fahimtar da ita ba. Najaha na ɗaki tana jinmu, amma ka san ba ta musu da uwarta.

Jiya da yamma Najaha ta ce wa Hajiya bayanta na ciwo. An yi ruwan farko shekaranjiya, hanyar ƙauyen ta yi laka wajen ƙorama, direbobi biyu sun ce ba za su shiga ba. Na zo tasha tun safe ina neman na uku. In na samu zan tafi da Inna, da ciwon ƙafar tata, don tsohuwa ce kawai ke iya magana da tsohuwa. Ban sani ba ko za mu tarar ta fara.

Ba na iya cin abinci. Ina ta tunanin da na tsaya na kira Majo ranar farko na ce masa saƙo ya zo, da duk wannan bai faru ba, amma murna ta hana ni. Ka yi mana addu'a, Yaya. Ga wani mai akori-kura can ana nuna mini shi, bari in je.

Fadila

*

Babban gidan likita, Matamaye

Baban Mansur,

Assalamu alaikum. Ni ce da hannuna, kada ka ga rubutun ya karkace ka ce wani aka sa. Ina gaishe ka, ina fatan kana cin abinci, don an ce mini ka daina.

Na sauka lafiya ranar Talata, mace ce. Tana da hancinka, Allah ya ba ta haƙurin zama da shi.

Inna ce ta shawo kan Iya mahaifiyata. Ban san me ta gaya mata ba, sun rufe ƙofa, da suka fito Iya da kanta ta ɗaure mini kaya. A bayan akori-kura na zo, naƙuda ta kama ni a hanya, motar ta kafe a ƙorama sai da mutanen gona suka tura. Muna isowa ba a jima ba na haihu. Jinin ya zo, ya ma fi na wancan karon. Ina jin ana kiran sunana daga nesa, ina so in amsa na kasa. Likita ta ce da a ƙauye abin ya same ni da maganin da ba ƙarfi, da yanzu wani labarin ake rubuto maka. Na faɗa maka ne don ka yi godiya ga Allah, ba don ka ƙara ramewa ba.

An nemi jini, na Iya bai dace ba, Inna ta tsufa. Fadila ta miƙa hannu tun kafin a gama tambaya, nata ya dace. Da aka gama ta ce a ƙara ɗiba, sai da likita ta kore ta.

Maganarta ce ta sa na matsa sai na rubuto yau. Tun ranar tana nan bakin ƙofa, ita ke wanki, ita ke kawo kunu, amma ta ƙi ɗaukar yarinyar. In na miƙa mata sai ta ce hannunta da datti. Ta ce wa Majo ba za ta sake zama gaban na'ura ba, ya ce bai ji ba. Na san abin da take jira, takardarka take jira, kuma tsoronta take ji.

Don haka ka rubuto mata kafin ka rubuto mini, ni zan iya jira. Ka cika takardar, da gaisuwa da komai, ba guntun buhun siminti ba. In kuwa faɗa ka shirya yi mata, to ka sani jininta ne ke yawo a jikina yanzu, da ni za ka yi.

Matarka,
Najaha